Wai Har Waƙa Sai An Je Landan?

Na ji ku, 'yan majalisar Gummi da Anka, har da na Bukkuyum masu jefo magana daga bayan taro: "Mi za a koya ma mutum ga waƙa? Ɗanƙwairo wace jami'a ya yi?" To, ku gyara zama.

Malamin waƙar nan da kuke wa dariya, Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero ta Kano, ba kaɗa kotso ya je koyo Landan ba. Digirin digirgir ya yi a makarantar SOAS da ke can, ya gama a 1980, kuma abin da ya baje wa Turawa shi ne waƙoƙin wa'azi na Hausa, tun daga wajen 1800 har 1970. Wato irin waɗanda malamai suka rubuta da ajami, makafi na rerawa a bakin kasuwa, kuna wucewa da goro a baki ko sadaka babu.

Kunne kam kuna da shi, ban musa ba. Ba a yi wa Bazamfare algus a waƙa. Baiti na yin ɗingishi kun ji. Amma a ce ku faɗi abin da ya karye, sai a hau sosa ƙeya: "Ba ta dai zauna ba." Ɗalibin da ya bi ta kan littafin Ɗangambo, Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa, kuwa zai ɗora yatsa a wurin: nan kari ya zame, can amsa-amo ya sauya ba dalili, ga inda mawaƙi ya saki jigo ya shiga kame-kame. Shi da ku duk kun ji ciwon, shi ya san sunan cutar.

"Ai masu feɗe waƙa ba su iya ƙirƙira." Haka ne? Wa ya rubuta Kitsen Rogo a 1978, labarin saurayin da ya raina ƙauye ya faɗa birni, in ba Ɗangambo ba? Ku tambayi 'yan ci-raninku ko ƙarya aka yi musu.

Kada ma ku ce rigimar Kanawa ce. Ɗanku na cikin gida, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, shi ya bi waƙoƙin makaɗa yana kwashewa a takarda, har ya yi wa Salihu Jankiɗi littafi sukutum. Ku da kuka ce ƙwaƙwalwa ta isa, mutum ɗaya ya miƙe ya kawo Bakandamiyar Narambaɗa daga farko har ƙarshe, ba tsallake, ba "kaza da kaza". Idan ya kai, shayin majalisa yau a kaina, har da burodi.