Ko Iska Ce, Ko Harsashi

Tun daga 1876 da aka fara gasar kofin Palma a Amurka, ƙasashe ke tara gwanayen bindiga su kwanta suna harbin allo daga yadi 800, 900 da 1000. Ƙungiya guda maharba goma sha shida ce. Daga yadi dubu, harsashi kan yi wajen daƙiƙa ɗaya da rabi yana tafiya kafin ya isa, iska mai ɗan ƙarfi kuwa tana iya kauce da shi fiye da mita biyu, alhali tsakiyar allon ba ta wuce rabin mita ba sai da kaɗan. Shi ya sa watannin shiri ke tafiya kashi biyu: ana gyara harbi, ana kuma tanadin wanda za a ɗora wa laifi.

Babban mutum a nan shi ne mai karanta iska. Ba ya harbi. Yana zaune kusa da maharbi, ido a madubin hangen nesa, yana duban tutocin da aka jera a filin da kuma yadda kawalwalniya ke gudu a saman ciyawa. Shi ke miƙa hannu ya murɗa saitin bindigar, sannan ya ce a sake. In harsashi ya faɗa tsakiya, sai ya gyara zama, wato ai ya faɗa. In ya kauce, sai ya ɗago kai a hankali ya ce, "Ka yi nawa. Da na ce ka saki, iskar ba haka take ba." Ba a taɓa kama shi da kuskure ba, don shaidar da za ta tona shi ta riga ta kaɗa ta wuce gonar wani. A filin Stickledown na Bisley a Ingila, inda tuta ɗaya kan nuna gabas ta kusa da ita ta nuna kudu, irin wannan mutum yakan tsufa da mutuncinsa.

Sai mai awon albarushi. Wannan bai yarda da harsashin kanti ba, da hannunsa yake ɗura nasa. Yakan kwana yana auna ƙwayoyin albarushi ɗaya bayan ɗaya da ɗan hantsaki, ya auna kwanso, ya auna kan harsashin, ya ware masu nauyi ɗaya ya jera su a akwati kamar mai haɗa kayan lefe. Iyalinsa sun san ba a buɗe taga in yana aiki, kada iska ta taɓa ma'auni. Ranar gwaji sai ya manta da gilashin idonsa a gida.

Akwai mai sayayya, wanda duk wata yake sauya bututun bindiga. Rigar harbinsa sabuwa, majanyin hannu sabo, tabarma sabuwa. Makinsa ne kaɗai bai sauya ba.

Maharbi mai uzuri ya fi kowa shiri. Kafin ya kwanta ya riga ya sanar cewa kafaɗarsa na ciwo tun jiya, rana kuma ta faɗo masa a ido, wanda ke gefensa yana numfashi da ƙarfi. Dabara ce mai kyau: in ya ci, ya zama jarumi mai harbi da ciwo, in ya zubar, ai ya gaya muku. Ni dai na fi jin tausayin mai rubuta inda kowane harsashi ya faɗa. Shi kaɗai ke da gaskiya a rubuce, don haka ba mai son zama kusa da shi lokacin cin abinci. Laifi tudu ne, kuma takardarsa ta nuna tudun kowa.

Tsohon hannu ba ya rasa kujera. Ya san cewa babban taron harbi na Ingila a Wimbledon ya fara a 1860 kafin ya koma Bisley a 1890, kuma yana ba da labarin kamar da shi aka yi ƙaurar. A wurinsa iskar da can ta fi ta yanzu ƙarfi, matasa kuma sun lalace tunda na'ura ta fara nuna musu maki a allon kwamfuta.

Kyaftin ne zai ɗauki duk waɗannan ya kai su filin Bloemfontein ko na Trentham, da takardun izinin shiga da bindigogi ƙasar mutane, da jerin sunayen da dole ya cire wasu daga ciki. Wanda aka cire zai zo ya taya kyaftin murna, ya yi musabaha da hannu biyu, sannan ya nemi wuri kusa da mai rubutu ya zauna, yana leƙen takardar wanda aka sa a madadinsa.