Alhaji, Tuɓe Babbar Rigar Mu Shiga Ruwa

Na san halinmu sarai. Bahaushe ba ya ɗaure kaya sai da dalili: fatauci, ziyara, ta'aziyya, ɗaurin aure ko neman magani. Ka ce masa za ka biya kuɗin kwalekwale don kawai ka je ka zauna a kan dutse kana kallon ruwa, sai ya dube ka sama da ƙasa ya ce, "Allah Ya ba ka lafiya." To amin, Ya ba mu baki ɗaya. Amma yau sai na kai ku tsibirin Madalen, ko da kuwa da ja ne.

Da ku nake, masu zuwa Maulidin Kaulaha duk shekara. Ku sauka Dakar, ku cika jaka da tsaraba a Sandaga, wanda ya ƙure yawo ya tsallaka Gore ya ga gidan bayi ya yi hoto, shi ke nan wai an ga Senegal. Alhali a yammacin birnin, kimanin kilomita 4 daga gaɓa, ga wasu baƙaƙen duwatsu can a tsakiyar teku da kuke hange ta tagar mota kuna wucewa. Tun 1976 gwamnati ta killace su suka zama gandun ƙasa, mafi ƙanƙanta a duk gandayen Senegal. Ba gida, ba shago, ba ko teburin mai shayi.

"To me ake sayarwa a can?" Ko ban waiwaya ba na san Bakano ne ya yi tambayar. Ba a sayar da komai, Alhaji, ba kuma wanda za ka yi wa tallan shadda. Dalilin zuwan ke nan. Wuni guda ba mai taya ka, ba mai bin ka bashi, ba wanda kake bi. Na san abin zai yi maka nauyi da farko, amma ba a taɓa jin ya kashe kowa ba.

Daga Sumbejun ake tashi, bakin ruwan da masuntan Dakar ke sauke kifi da yamma. A biya kuɗin shiga a ofishin gandun, a ɗaura maka rigar da ke hana nutsewa, a haɗa ku da ɗan rakiya, kwalekwale mai inji ya ɗebe ku. Mutanen Maraɗi da Damagaram ko canji ba sa nema, sefar aljihunsu ita ake kashewa a can. Tafiyar ba ta kai rabin awa ba, amma a cikinta za ka ji salatin da mutum bai taɓa yi a sahun gaba ba.

Daga nesa sai ka rantse babu wurin sauka, don tsibirin dutse ne da aman wuta ya bari, baƙi ƙirin, a tsaye, igiyar ruwa tana dukansa ba dare ba rana. Sai matuƙin ya rage wuta, ya dakata igiya ta wuce, ya kutsa ta wata 'yar tsaga tsakanin duwatsu. Kafin ka ƙarasa innalillahi kun shiga wani lungu da ake kira Kirik Hubert. A waje teku na ta hauka, a ciki ruwa ya kwanta luf, garau, har kana ganin ƙananan kifaye suna kewaya ƙafarka.

"Ni fa ban iya ruwa ba." Ai ba sai ka faɗa ba, Malam, an gani tun a yadda ka riƙe gefen kwalekwale. Ka tsaya inda ruwa ya kai maka gwiwa, rigar nan tana jikinka, ba wanda ya ce ka zama Basarke a wuni guda. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35, shi ya sa yake ɗaga jiki fiye da ruwan kogi. Amma kada wannan ya ruɗe ku, musamman ku Kabawa masu taƙama da Matan Fada: bakin lungun nan iyaka ne, wanda ya wuce shi ya shiga hannun igiya, kuma teku ba ta san Sarkin Ruwa ba. A kuma shiga da takalmi, don duwatsun suna da santsi, ga wata halitta mai ƙaya kamar bushiya da ke laɓewa a tsakaninsu.

Hajiya kuwa tun ɗazu take taɓe baki: "Bakin teku? Wurin tsiraici!" Ranki ya daɗe, wa ya ce sai kin yi shigar Turawa? Ki shiga da doguwar rigarki da wando, kifi ba ya gulma. Wuri ne da sai kwalekwale ya kawo mutum, don haka ba za ki tarar da cincirindon 'yan kallo ba. Liman ma kada ya fake da salla: malaman fiƙihu sun tabbatar ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi. Ka fuskanci wajen Dakar, ga gabas nan.

Saura maganar da kuke ta raɗa. E, akwai labarin aljani. Lebu, masuntan da suka daɗe da zama a Dakar, suna cewa tsibirin mazaunin Lek Dawur ne, aljanin da ke tsaron garinsu, kuma ba ya yarda a yi gini a wurin. Har kangon wani Bature da ya gwada zama za a nuna maka. Ni dai abin da na lura shi ne, tsoron nan ya daɗe yana gadin tsibirin kafin gwamnati ta kawo masu kaki. Ku da kuke kewaye tsamiyar unguwarku bayan magariba, ba ku da bakin yi wa Lebu dariya.

In ka fito daga ruwa ka bi ɗan rakiya ku hau tudu. Za ka ga kuka wadda iskar teku ta hana ta tashi, ta baje a ƙasa tana rarrafe, ganyen da a gida sai an hau sama, nan yaro ma ya fi ƙarfinsa. Amma kada a tsinka, ba miya aka zo yi ba. Za ka ga wani farin tsuntsu mai jan baki da doguwar wutsiya siririya, wanda ke ƙwai a kogunan dutsen, kuma wurare kaɗan ne a duk gaɓar Afirka ta Yamma ake samunsa.

A zo da ruwan sha da guzuri da malafa, don babu rijiya, inuwa ma sai an nema. A koma da ledar da aka zo da ita. Mai jin sanyi ya guji Fabrairu da Maris, lokacin ruwan yana sauka wajen digiri 20. A Oktoba yakan haura 27. In masu gandun suka ce yau teku ta ƙi, a haƙura, ba a ciniki da ita.

Badi in kun dawo ziyara, ku ware wuni guda. Wanda ya shiga ruwa ya ba mu labari. Wanda ya tsaya a kan dutse da babbar riga da hula kuwa, mun gode, dama muna neman mai tsaron kaya.