Dala 13,000 Don Hoton Tsuntsu

A Ingila da Amurka akwai wasu bayin Allah da ke tashi tun kafin asuba, su tafi bakin fadama su tsuguna cikin ciyawa, suna jiran tsuntsu ya sauka su ɗauke shi hoto. Sha'awa ce da ba ta cutar da kowa. Rigimar tana farawa ranar da mutum ya ga hoton da abokinsa ya ɗauka, har ana iya ƙirga gashin fuffuke ɗaya bayan ɗaya, sai zuciya ta raya masa cewa abin da ya rage tsakaninsa da farin ciki shi ne dogon gilashin kyamara mai jawo nesa kusa. Na kamfanin Canon mai milimita 600, wanda ya fito a 2021 a kan wajen dala 13,000, nauyinsa kilo 3 ne, ban da ƙafafun girke shi da jakar goya shi. Uwargida kuwa, abin da za a gaya mata shi ne jari aka zuba.

To, ko kwalliya tana biyan kuɗin sabulu? A 1978 Philip Brickman da abokan bincikensa sun bi mutanen da suka ci maƙudan kuɗi a cacar jihar Illinois, suka tarar farin cikinsu bai zarce na maƙwabtansu da wani abin kirki ba. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne, ƙananan abubuwa irin karin kumallo da hira da aboki sun rage yi musu daɗi. Ciwon mai dogon gilashi ke nan. Da can ko kurciya ya gani a kan katanga sai ya tsaya yana murmushi. Yanzu kurciya ba ta kai darajar kayan aikinsa ba, sai tsuntsun da ba a cika gani ba. Idan ma ya samu, daƙiƙa biyu zai dube shi ta cikin kyamara, sannan ya kwana gaban kwamfuta yana faɗaɗa ƙwayar idon tsuntsun, yana tsaki wai hoton bai fita tas ba.

Masu kare shi za su ce gilashin ba ƙarya ba ne, kuma sun yi gaskiya. Yana tara haske da sassafe lokacin da mai araha ke ba da duhu, yana barin mutum ya tsaya nesa ba tare da ya firgita uwa a kan ƙwanta ba. Wanda hoto ne abincinsa, ya saya, ba mai ce masa uffan. Sai dai hujjar ta tsaya a kan kyawun hoto, alhali farin ciki aka je saye. Tsuntsun ma bai san farashi ba: agwagwar dajin da ake bi da dala 13,000 a Turai, sanyi na shigowa take tahowa fadamun Haɗeja da Nguru ta sauka a Dagona, inda yaro mai kiwo ke kallonta kyauta, har ya kore ta idan ta dame shi.

Za su ƙara da cewa kuɗinsa ne, ina ruwan wani? Babu ruwan kowa kam, in ban da shi kansa ne ya fara sa ido a kayan mutane. Ku lura da taron masu wannan sha'awa a bakin tafki: kafin a dubi bishiya, sai an saci kallon abin da ke rataye a kafaɗar na kusa. Kamfanin ya fi kowa sanin wannan hali, shi ya sa a 2022 ya fito da mai milimita 800, da kuma mai 1200 a kan wajen dala 20,000, don kada mai 600 ya samu barci.