Caji Ya Gagari Masu Shi

Idan Turawan Ingila sun tashi neman kalmarsu ta caji, su hau mota a Mubi, su ratsa Maiha, su sauka a Belel, nan bakin iyakar Kamaru. Za su same ta, sai dai da wuya su gane ta, don ta yi ƙiba ta haihu.

A zamanin kakanninmu caji gida ɗaya gare shi, wato caji ofis. Da an ce an kai wane can, sai dangi su hau salati. Da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, caji ya kuɓuce daga hannun 'yan sanda ya faɗa aljihun kowa. Yau dattijon da bai taɓa taka ƙofar boko ba, ko da Fulatanci yake hira, sai ka ji caji ya faɗo tsakiyar zance, ba ko kunya.

Dubi baƙon zamani. Bakinsa na sallama, idonsa na bin bango yana neman soket. "Mun same ku lafiya? Akwai caja ƙaramin baki?" Gaisuwar yara da ta gajiya sai wayar ta kama. Mai shagon caji kuwa ya zama babban mutum, majalisarsa ta fi ta mai unguwa cika. Shi ne zai caje ka kuɗi kafin ya yi maka caji, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, ko tari janaretonsa ya yi sai farashi ya ƙaru. Mai POS ma da nasa cajin. Wanda ya ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya san yadda mutum ke sayen kuɗinsa da kuɗinsa, har ya yi godiya.

Caji bai tsaya nan ba. Maigida ya fusata, a ce ya ɗau caji. Jarrabawa ta yi zafi, a ce ta caza wa ɗalibai kai. Matashi ya haɗiyi abin da bai kamata ba yana tangaɗi, abokansa su ce ya yi caji.

Amma babban aikin caji shi ne rufa wa maƙaryaci asiri. Wayar da ta kwana kallon TikTok har asuba ba ta nuna gajiya ba, ita ce ke suma da zarar lambar mai bin bashi ta bayyana. Washegari a haɗu a kasuwa: "Wallahi Alhaji, cajina ne ya ƙare." Alhajin ya gyaɗa kai, don shi ma jiya haka ya gaya wa tela.

Saboda haka jama'a, mai ba da bashi ya haɗa da caja, ya kuma rubuta ta cikin lissafi. Mai ci kuwa ya ji tsoron Allah ya ɗaga waya, ko "sai bayan girbi" ne ya faɗa.