Zuwa ga bawana Bazazzagi, mai buhun kalmomi

Bawana, ubangidanka na Kano yana gaishe ka.

Ɗan da ka turo koyon aiki a wata majemar fatu a Challawa ya iso lafiya, tare da doguwar takardar manyan kalmomin Turanci da ka ce ya haddace. Tun daga Sharaɗa yake bitar su cikin Adaidaita Sahu, har direba ya ɗauka addu'ar tafiya ce, yana ta amsawa da amin.

Manajan wurin Kwara ne, kakansa ya yi ciniki a Kantin Kwari. Da Kananci tsantsa ya tambayi yaron ko ya san ganga da ake juya fata a ciki. Yaro ya gyara wuyan riga, ya saki wata kalma mai gaɓa biyar. Wani tsohon lebura ya ajiye ƙirgin da ke kafaɗarsa ya ce, "Wa yake zagi?"

Abin bai tsaya nan ba. Aka sa shi rubuta rahoto kan ruwan jima, wannan shuɗin ruwa mai sinadarin kuromiyom da ke gangarawa kogin Challawa, inda manoman rani ke ban ruwa. Ya leƙa takardarka, ya zaɓi wadda ta fi daɗin faɗa, ya rubuta cewa ruwan "salubrious" ne. Ma'anarta fa mai ƙara lafiya! Ruwan da warinsa ke tarar mutum tun daga titin Panshekara. Ka ba shi kalma ba jimla, ka ce ya je ya firgita Kanawa.

Na sani, za ka ce tun 1962 kuke da Jami'ar Ahmadu Bello, kuma JAMB ba ta yafe wa kowa Turanci. To, Patrick Obahiagbon ma da ya yi majalisar wakilai daga 2007 zuwa 2011 yana ruwan kalmomi, dariya ce akasarin ribar masu sauraro. Kuma ku da har yau kuke cewa "rigan Ladi", ku fara raba mace da namiji a Hausa tukuna.

Yanzu yaron yana karanta rubutun jikin buhunan sinadari, yana tambayar leburori, ya fara fahimtar aiki. Takardarka kuwa mai ƙosai ta karɓe. In Muharram ya zo, ka aiko da kuɗin shara, ka haɗa da ladan gyaran ɗanka.