Motar Littafin Lissafi

Duk duniya babu mota mai ladabi irin ta littafin lissafi. Ƙarfe 8 cif take tashi daga Kano, ta kama gudun kilomita 60 a awa, ta riƙe shi gam. Ba ta san "saura mutum ɗaya" ba, ba ta shiga layin mai, tayarta ba ta faci, direbanta kuma bai taɓa tsayawa a Kwanar Dangora don ya gaisa da wani tsohon abokinsa ba.

Ƙa'idar ba ta da wuya: raba nisa da gudu, lokaci ya fito. Kano zuwa Kaduna kusan kilomita 230 ne, amma mai littafi sai ya ce 240, don kada rabawa ta sa shi ciwon kai. Awa 4 ke nan.

A dawowa malam yake ɗana tarkonsa. Motar ta jigata, ta dawo da gudun 40. To, nawa ne matsakaicin gudun tafiyar duka? Aji ya ɗauka baki ɗaya: 50! Malam ya gyara hula, ya yi murmushin mugunta. Dawowar ta ci awa 6, jimla awa 10 a kan kilomita 480, amsa 48. Jan ƙafa ya fi sauri cin lokaci, shi ya sa ya rinjayi lissafin.

A tasha kuwa, tambayi ɗan kamasho yaushe za a isa. "Kafin magariba, in sha Allahu, Alhaji." Ta wace rana ce, wannan kuma ba aikinsa ba ne.