Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hajiya Shinkafa

Ranki ya daɗe, Hajiya,

Bayan gaisuwa mai yawa, a miƙa min gaisuwa wurin wake da mai da yaji. Ni yaron shagon waya ne a kasuwar Farm Centre ta Kano, cikin waɗanda ke sayarwa da safe su karɓi koke da yamma. Na rubuto ne in ji wanda ya ba ki lasisin gyaran waya, don kin shigo mana sana'a babu ko sallama.

Da zarar waya ta faɗa bokiti, ko ruwan Agusta ya riske ta a aljihu, ba mai tunawa da mu. Wurinki ake nufa. A tusa ta cikin buhu ta kwana uku, sai ta ƙi tashi sannan a kawo mana ana hura hanci. Kowa kuma da mazhabarsa: wannan ya ce sai 'yar gwamnati, wancan ya rantse 'yar Kura ta fi jan ruwa.

Hajiya, tsakaninki da Allah, ruwan da ya riga ya shige ciki yana jin kiranki? Yana nan kwance a kan fanel, batir na ba shi wuta, gishirin cikinsa na cin siraran layukan tagulla har koriyar tsatsa ta tsiro. Da an kashe wayar nan take an kawo, mai gyara ya buɗe ya cire batir, ya wanke ya busar, da sau da yawa ta sha. Kwanakin da ta yi a hannunki su suka ƙarasa ta. Gudummawarki ɗaya ce, ƙura a ramin caji. A 2024 an yi ta yaɗa gargaɗin kamfanin Apple cewa kada a sa iPhone a cikinki, amma wa ya ji? Maganar kishiyar maƙwabciya ta fi ta masu ƙera wayar ƙarfi.

Inda kika fi ja mana zagi shi ne wajen garanti. Mutum zai dafa kanta ya ce, "Wallahi ruwa bai taɓa ta ba, haka kawai ta mutu." Sai mu haska 'yar farar alamar nan da kamfani ke maƙalawa a ciki, mu ga ta koma ja. Muna girgiza wayar ƙwayarki ta faɗo. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Yara ne." Mai babbar waya kuwa da kwalinta yake zuwa, yana nuna min IP68, wai an ce ba ta jin ruwa. Sai na yi ta bayani cewa gwajin a ruwa mai tsabta aka yi shi, na ɗan lokaci, kuma duk da haka garanti bai ɗauki ɓarnar ruwa ba. Nan take na zama macuci, ɗan damfara, wanda bai gaji arziki ba. Oga yana can ciki yana lissafi, ya kurmance.

Ba na cewa aikin ba daɗi. Kwanaki wani dattijo ya kawo tasa, duk damuwarsa saƙonnin muryar 'yarsa da ke aure a Agadas. Mai gyaranmu ya yini a kanta da buroshi da bulowa. Da allon ya haska, Baba ya kara ta a kunne yana dariya shi kaɗai, ya sa mana albarka har iyayenmu, ya ciro goro ya raba. Ban taɓa jin daɗin sana'ar nan kamar ranar ba. Yana kaiwa bakin ƙofa ya juyo ya ce wa masu jira, "Ai da ma sai da na kwanar da ita a shinkafa."

Kin gani ko? Idan ta mutu laifinmu ne, idan ta tashi aikinki ne.

Na san ba za ki ajiye muƙamin ba. Roƙona, duk wanda ya kawo miki waya, ki ce masa don girman Allah kada ya jona ta a caji don ya ga ko ta farfaɗo. In ya zo wurinmu kuma, ya taho da rasit.

Naki, ko da an yi faɗa,
Yaron shago, layin masu caja.